Tashar Garwa Tana Ngaundere

Yelwa, Garwa

Ɗana,

Yaya karatu, yaya kuma sanyin Ngaundere? Mahaifiyarka ta shigo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ce malaminku ya ɗora maka rubuta tarihin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, kana son kawunka ya faɗa maka abin da ya sani, tun da a bakin wannan tasha na nemi abincina har ƙarfi ya fara ja baya. Na ce mata wannan ba maganar waya ba ce. Gara in zauna in rubuta, ka samu abin da za ka riƙa komawa kansa.

Shawarata ta farko, kada ka fara daga Ngaundere. Ginin a can yake, amma tashar tamu ce mu duka, mutanen Garwa da Marwa da Kusiri, har da na Njamena. Idan ka ji mutumin Garwa ya ce gobe zai hau jirgi, to asubanci zai yi ya shiga mota, ya yi tafiyar kilomita wajen 275, ya hau dutse, sannan ya iske jirgin. Garinmu Garwa shi ne babban birnin arewa tun zamanin Turawa. Muna da filin da manyan jiragen sama ke sauka, muna da filin ƙwallo na Rumde Ajiya da ya karɓi gasar cin kofin Afirka a 2022, amma a maganar dogo mun zama kamar magidancin da rijiyarsa ke gidan maƙwabci. Idan rubutunka bai bayyana yadda aka yi hakan ta kasance ba, labarin gini kawai ka bayar.

Ka fara daga bakin kogi. Kafin dogo ya zo, Binuwai ce ƙofar arewacin Kamaru. Ku yaran yanzu kun san ta da masu ɗibar yashi da masu wanki da dorinar da ake zuwa kallo. Mu da jiragen ruwa muka san ta. Da zarar damina ta zauna, wajen watan Agusta, ruwa ya cika ya batse, sai jiragen kamfanonin Turawa su taso daga Burutu can bakin teku, su biyo kogin Kwara zuwa Lakwaja, su karkato Binuwai, su wuce Makurɗi da Yola, su iso nan da manyan kwale-kwalen ƙarfe shaƙe da kaya. Gishiri suke kawowa da siminti da kananzir da fetur, su koma da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, namu da na Cadi. Lokacin bai wuce wata biyu zuwa uku ba, don haka a cikinsa ake yin aikin shekara, ba dare ba rana.

Ina yaro akan aike ni kai wa kakanka abinci a can. Abin da ya fi zauna mini a ido shi ne katakon da ake gittawa daga gaɓa zuwa jirgi, yana lanƙwasa a ƙarƙashin 'yan dako. Kowanne da buhun gishiri a ƙeya, gumi ya narkar da gishirin yana cin fatar wuyansa. A ƙarshen katakon akawu na tsaye, duk wanda ya sauke buhu sai ya miƙa masa ɗan tsinke, da yamma a ƙirga tsinkayen a biya shi. Kowace safiya kuma manya sai sun leƙa su ga inda ruwa ya kai a jikin gaɓa, domin idan ya fara ja, jirgin da ya makara yana iya zama a kan yashi har baɗi.

Ka lura da inda wannan hanya ta dosa: Najeriya. Haka hanyar kakanninmu fatake take. Daga Kano da Yola suke fitowa, su yada zango a Garwa, su hau tudu zuwa Ngaundere, su bi ta Tibati da Yoko su faɗa Yawunde. Da ƙafa da jakuna suka yi wannan, kuma irin zangunansu ne asalin zaman Hausawa a kudu, waɗanda yau ka sani a Briqueterie ta Yawunde da New Bell ta Duwala. Cinikinmu da zumuncinmu duk yamma suke kallo. Sai yaƙin basasar Najeriya ya tashi a 1967, ƙasan kogi ya rufe har 1970. Jiragen suka ɗauke ƙafa. Daga baya abin bai sake komawa yadda yake ba, kuma da aka gama madatsar Lagdo a 1982, wadda 'yan Sin suka gina, ruwan kansa ya sake hali, yashi ya cika mashigar. Amma kafin Lagdo ma an riga an yanke wa bakin kogi hukunci, domin dogo ya iso tudu.

Shi dogon ya daɗe a hanya. Jamusawa ne suka fara shi. Sun shimfiɗa layin Bonaberi zuwa Nkongsamba, kilomita 160, aka buɗe shi a 1911, da burin wata rana ya miƙe arewa har wajen tafkin Cadi. Sun kuma ɗauko wani daga Duwala ya nufi gabas, ya kai Eseka, yaƙin duniya na farko ya tsayar da su. Faransawa suka ƙarasa shi zuwa Yawunde a 1927. Ina roƙonka kada ka tsallake yadda aka yi wannan aikin. Da aikin tilas aka yi shi, ana kamo mutane daga ƙauyuka, kuma da yawa sun mutu a wajen fasa duwatsun Njock. Ba 'yan arewa ba ne akasarinsu, amma duk wanda ya taɓa hawa jirgin nan zuwa Duwala ya bi ta kan wahalarsu, suna da haƙƙin a ambace su.

Daga 1927 sai dogo ya tsaya cik a Yawunde har bayan samun 'yancin kai. A 1964 gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta fara jawo shi arewa, da tallafi da rancen ƙasashen Turai da Amurka, kamfanin Cogefar na Italiya ne ya yi aikin. Ya kai Belabo a 1969, ya iso Ngaundere a 1974. Kilomita 622 ke nan daga Yawunde, a shekara goma. Bai bi tsohuwar hanyar fatake ba. Ya bar Yoko da Tibati a gefe, ya bi kwarin Sanaga ta Nanga-Eboko, inda zai samu katakon dazukan gabas, sannan ya hau ta Ngaundal, inda ake da dutsen da ake fitar da sanholo a cikinsa. Wannan dutse, da na Minim-Martap, jirgi ya yi shekara 50 yana wucewa ta gefensu ba a ɗora masa su ba. Faɗin layin mita 1 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, tsohon layin Najeriya kuwa ya fi shi da kusan santimita 7. Ka ga tun asali ba a yi su don su haɗu ba, kowane Bature bakin tekunsa yake jan kaya.

Za ka ji mutane na tambaya, yaya shugaban ƙasa ɗan Garwa, haifaffen garin, zai kawo dogo arewa ya tsayar da shi bai kai gida ba? Na sha jin wannan a majalisa, wasu da ɓacin rai. Ni a ganina amsar tana jikin ƙasar. Ngaundere tana kan tudu mai tsawon mita wajen 1,100, Garwa kuwa tana kwari, da kaɗan ta haura mita 200 (wasu unguwanninmu ma ba su kai ba). Yawancin wannan saukar a wuri ɗaya take, gangaren nan na kafin Mbe da direbobi ke kira Falez. Mota tana iya murɗawa ta hau, jirgin ƙasa ba ya iyawa. Sai an huda dutse, an yi gadoji, an yi dogon zagaye, alhali kuɗin da aka kai shi tudu da su ma na mutane ne. Ban da haka, tun a wancan lokaci akwai shirin idan za a ci gaba, a karkata gabas zuwa Mundu ta Cadi. Sai aka zuba wa hanyar Ngaundere zuwa Garwa kwalta, aka ce mota ta ƙarasa sauran. Ban ce an yi mana mugunta ba. Amma abin da aka ɗauka na ɗan lokaci ne ya haura shekara 50, wannan kuwa ba laifin dutse ba ne.

Ni ina saurayi a lokacin, sabon shiga aikin akawu wurin wani attajiri mai fataucin shanu da gyaɗa, Allah ya jiƙansa. Aikina in raka kaya daga nan, in ga an auna, in ga an samu tarago, in karɓo takarda. A gaban babbar mota na san Falez. Idan an zo gindin dutsen direba yakan tsaya ya bar inji ya huce, a ƙara ruwa, kowa ya yi addu'ar da ya iya. Sai a sa giya ɗaya. Yaron mota ya diro, ya ɗauki weji a kafaɗa, yana bin tayar baya da ƙafa, idonsa a kanta. Idan ya ji kukan injin ya sake, kafin motar ta yi tunanin komawa baya ya cusa wejin. Rayuwar duk wanda ke ciki tana hannun yaron da bai fi shekarunka ba. A kwanonin nan, idan ka leƙa ƙasa, za ka hango ƙarafan waɗanda burki ya tsinke musu. Duk dilar audugar da ta fita daga arewa, duk buhun shinkafar da ya shigo, sai ya bi ta nan. Shi ya sa nake ganin Falez ma wani ɓangare ne na tashar, ka sa shi a rubutunka.

Yanzu ga ita tashar. A gefen gari aka gina ta, nesa da tsohon garin da ya kewaye fadar Lamiɗo. Da na fara zuwa, fili ne da ciyawa tsakaninta da gidaje. Garin ne ya taso ya same ta. Ma'aikatan jirgi daga kudu suka zo da iyalansu, direbobi suka nemi ɗakunan haya, masu abinci suka kafa rumfuna, makanikai da masu faci da 'yan kamasho suka biyo baya, unguwanni irin Sabongari da Balaji suka cika da baƙi. A ƙidayar 1976 mutanen Ngaundere ba su kai 40,000 ba. A ta 2005 sun haura 150,000. Da aka raba lardin Arewa gida uku a 1983, ita ta zama hedikwatar Adamawa, ga kuma jami'ar da kake ciki. Ba dogo kaɗai ya yi wannan ba, amma shi ne ya fara jawo mutane.

Idan za ka je bincike, kada ka tsaya a zauren fasinjoji. Ka zaga ɓangaren kaya, can ne zuciyar wurin. A shekarar da jirgi ya iso, 1974, a ita aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton da hedikwatarsa a nan Garwa, kuma tun daga nan audugar da da take bin ruwa ta koma bin mota zuwa Ngaundere, daga can tarago ya kai ta Duwala. Man fetur yana hawowa a tankunan jirgi, a juye shi a ma'ajiya, tankokin mota su rarraba shi. Kwantenonin 'yan kasuwar Cadi a nan ake sauke su a ɗora wa tireloli, domin Cadi ba ta da teku, kuma ba ta da dogo. Lokacin da ake shimfiɗa bututun man Cadi zuwa Kiribi, wanda aka gama a 2003, jirgin nan ya yi jigilar bututun da yawa. Za ka ji Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Faransanci a bakin sikeli ɗaya.

Sai shanu, waɗanda su na fi sani. A da, kora su ake yi da ƙafa daga Adamawa zuwa Yawunde, tafiyar wata guda ko fiye, su isa a rame, wasu su mutu a daji. Da jirgi ya zo sai abin ya koma kwana ɗaya zuwa biyu. Amma lodin ba wasa ba ne. Sa bai san tarago ba, yana jin ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin kofatonsa sai ya turje. Wani ya riƙe igiya a gaba, wani ya murɗa wutsiya a baya, har ya shiga. Ana shirya su a matse yadda ba wanda zai samu wurin kwanciya, domin wanda ya kwanta sauran za su tattake shi. Masu rakiya a cikinsu suke kwana, da sanda da tocila, duk tsayawar da jirgi ya yi su duba wanda ƙafarsa ta fara sanyi su ɗaga shi. Naman da ake ci a Yawunde da Duwala, da tsiren da 'yan'uwanmu ke gasawa a can, ta hannun waɗannan bayin Allah yake wucewa, kuma ban taɓa ganin an rubuta labarinsu ba. Ka nemi ko mutum biyu a cikinsu ka zauna da su.

Jirgin fasinja kuwa ka san shi, ba sai na tsawaita ba. Mai lamba 192 yana tashi daga Ngaundere bayan magariba, 191 yana tasowa daga Yawunde, su yi kwanan hanya, a isa da hantsi idan Allah ya kiyaye. Ka dai rubuta matan da ke jiran sa cikin dare a Ngaundal da Mbitom da Belabo, da zuma a kwalabe da ayaba da ƙunshin rogo, suna miƙawa ta taga. Akwai ƙauyukan da in ba jirgin ba, ba su da wata hanyar kirki, kuma 'yan mintocin da yake tsayawa su ne kasuwarsu ta ranar. Ka kuma tsaya a ƙofar tasha da safe ka ga yadda motocin Garwa da Marwa ke jere suna jira. A nan za ka gane maganata ta farko: mutane da yawa da ke saukowa ba su iso ba tukuna, rabin tafiya suka yi.

Hukumar gwamnati, Regifercam, ita ta riƙe jirgin har 1999, lokacin da aka miƙa shi ga kamfanin Camrail. A ranar 21 ga Oktoba, 2016 aka yi hatsarin Eseka a layin Yawunde zuwa Duwala, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kafin nan kuma an gama kwaltar da ta haɗa Ngaundere da Yawunde ta Garwa-Bulai da Bertuwa, sai manyan motocin fasinja da tireloli suka fara ɗauke wa jirgi ciniki. Layin kansa ya tsufa, musamman kilomita 330 ɗin da ke tsakanin Belabo da Ngaundere, waɗanda ƙarafansu na farkon aikin ne, shi ya sa aka nemo kuɗi daga Turai don sabunta su.

Abin da ya fi damuna shi ne na gaba. A 2014 Kamaru da Cadi sun sa hannu a kan jawo dogo daga Ngaundere zuwa Njamena. Aka yi nazari, aka fito da hanyoyi, babbar gardamar kuwa tsakanin biyu take: a sauko ta Garwa da Marwa da Kusiri, ko a karkata ta Mundu. Ba na ganin laifin mutanen Cadi da ke son ta Mundu, audugarsu da mansu a kudancin ƙasarsu suke. Amma ni ta Garwa nake so, kuma ba don garina ba ne kawai. A wannan hanya jama'a suke. Ga auduga, ga simintin Figil, ga albasar Marwa, ga shinkafar Yagwa, ga miliyoyin mutanen da kowane buhun da suka saya sai sun biya kuɗin hawa da saukar Falez a cikinsa. Ka dubi Kano: dogo ya isa can a 1911, gyaɗa ta mai da ita abin da kowa ya sani. Ya kai Maiduguri a 1964. Yanzu ana jan wani daga Kano zuwa Maraɗi. Yola da Garwa, 'yan kogi ɗaya, su ne aka bari, an ce suna da ruwa, ruwan kuma ya daina ɗaukar jirgi.

Sai dai ina so ka yi adalci ga garin da kake zaune. Ngaundere tana cin abinci ne saboda a nan dogo ya ƙare. Ranar da jirgi zai wuce ta ya sauka kwari, ɗan dakon da ke juye kaya daga tarago zuwa mota, da direban tirela, da mai abincin da ke ciyar da su, za su ɗanɗana abin da 'yan bakin koginmu suka ɗanɗana. Na ga yadda waɗancan suka ƙare, wasu suka koma noma, wasu suka bi kayan zuwa Ngaundere suka tsufa a can. Ba wanda ya tambaye su, ba wanda ya tanadar musu komai. Ina son dogo ya zo Garwa kafin in mutu, amma ba na son a sake yin haka ga wasu. Ku da kuke karatu ku ne za ku iya faɗar wannan tun ana kan takarda.

Game da waɗanda za ka gani: ka fara da tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka yi ritaya, da yawansu ba su bar garin ba, za ka same su da la'asar a kusa da tasha. Ka je wurin shugaban 'yan dako da na masu lodin shanu, ka gaishe su da ladabi, ka riƙe ɗan goro, kada ka fito da takarda da biro a zaman farko. Kada kuma ka ɗauki hoto a cikin tasha sai ka nemi izini. Shekarun da na ba ka, ka gwada su da na littattafan jami'arku kafin ka miƙa aikin. Idan ka zo hutu zan kai ka bakin kogi ka ga tsohuwar gaɓa da rumbunan ajiya, akwai kuma wani dattijo a unguwarmu da ya yi dako a can, yana nan da hankalinsa sarai.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Ƙannenka duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da malamin naku. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Wassalam,

Kawunka